Neman shawara: ina so in sauke tsohuwar Mercedes SL ƙasa kaɗan, ba tare da na lalata mata ƙafa ba

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Mercedes 380SL ƙirar 1983, irin mai ƙofa biyun nan da ake cire rufinta, kuma a Amurka aka fara sayar da wannan tawa. A nan Bauchi take, tsakanin Fadaman Mada da Yelwa nake yawo da ita, sai jefi-jefi in hau hanyar Jos. Abin da ke damuna, gabanta ya ɗaga, akwai fili sosai tsakanin taya da madigadi, kamar mai shirin shiga gona. Ina so ta sauka kamar inci biyu. Wani ya ce a hura wa sifirin wutar walda har ya kwanta, wani ya ce a yanke zagaye ɗaya da rabi, wani kuma ya ce in sa ƙananan tayoyi kawai. Tayoyin da ke kanta 205/70 R14 ne. Wanne ne ba zai jawo mini da-na-sani ba?

Bakaniken Marsandi:

Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar wuta a cire ta daga lissafi tun yanzu. Ƙarfen sifirin an toya shi ne an sanyaya shi bisa ƙa'ida tun daga masana'anta, shi ya sa yake lotsawa ya dawo. Da zarar harshen wuta ya mai da wani zagaye ja, wannan wurin ya tashi daga sifirin ya koma ƙarfe kawai. Motar za ta sauka a ranar, gaskiya ne, amma ba za ta tsaya inda aka bar ta ba: za ta ci gaba da zama, hagu da dama ba za su zo daidai ba, ƙarshe kuma a wurin da aka ƙona yake karyewa.

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, a yi awo. A sami daɓen siminti mai sumul wanda bai karkata ba, a daidaita iskar tayoyi huɗu, tankin mai ya zama rabi. Idan rufin ƙarfen yana kai, to duk awon da za a yi nan gaba a yi shi yana kai, don rufin nan sai mutum biyu suke ɗaga shi, nauyinsa na canza awon baya. A tura motar gaba da baya kamar mita biyu ƙafa ta zauna. Sannan a auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi, a miƙe, kowace kusurwa. Kada a auna daga ƙasa, don iska da cinyewar taya za su shiga lissafin. A rubuta lambobi huɗun.

Dalilin awon: a irin wannan mota mai shekara sama da 40, sau da yawa ba gaba ne ya ɗaga ba, baya ne ya zauna. Robobin da ke riƙe da gadon ƙafar baya da robar difarensha suna laushi, sifirin na baya ya gaji, sai gindin ya yi ƙasa, hanci ya kalli sama. Wanda ya yanke gaba don ya daidaita da gajiyayyen baya ya gyara abin da bai lalace ba.

Mai tambaya:

Na gode Malam. Na auna yanzu: gaba hagu santimita 39.5, gaba dama 39, baya hagu 35.5, baya dama 36.

Bakaniken Marsandi:

To, rabin santimita tsakanin hagu da dama ba abin damuwa ba ne. Yanzu ga hanyar da su masu motar suka tanada. A saman kowane sifirin akwai wata roba mai kauri kamar zobe, ita ce matashinsa. Mercedes ta yi ta kauri daban-daban don daidaita tsayin mota gwargwadon nauyin kayan da ke cikinta. Ta gaba kala huɗu ce: milimita 8, 13, 18 da 23. Ta baya kala uku: 9.5, 14 da 19. Ba sai an kwance ba ake gane wadda ke ciki. A gefen robar akwai 'yan ƙurajen roba da suka fito, ɗaya zuwa huɗu. A juya sitiyari, a haska tocila, a goge ƙurar da yatsa a ƙirga. Ƙurji ɗaya shi ne mafi siranta.

Abin da mutane ke mantawa shi ne sifirin ba a bakin taya yake zaune ba, yana tsakiyar lowa am ne, wato hannun ƙarfe na ƙasa da ke riƙe da taya. Saboda haka duk milimita ɗaya da aka rage a roba, a bakin taya ya fi ɗaya. Za ka iya fitar da ninkin da kanka: auna daga kusar bushin ta ciki (inda lowa am ke ɗaure a jikin mota) zuwa boljoyin (mahaɗin da ke ƙarshensa ta wajen taya), ka raba da nisan da ke tsakanin wannan kusar da tsakiyar sifirin. A ce ka sami 36 da 20, ninkin 1.8 ke nan. Idan robarka mai ƙuraje huɗu ce ka koma mai biyu, ka rage milimita 10, motar ta sauka kusan 18. Ka koma mai ɗaya, ka rage 15, ta sauka kusan 27. Ba a yanke komai ba, kuma ranar da ka canza ra'ayi sai a mayar da tsohuwar roba.

Ni a ganina inci biyu ya yi yawa. Santimita 5 ke nan. Tsaya tsakanin 2 da 2.5 a gaba, baya kuma kada a taɓa shi sai an sabunta robobin gadon an sake awo.

Mai gyaran ƙafa daga Gombe:

Ina goyon bayan Oga, amma akwai gargaɗin da ya wuce da sauri. Sifirin gaban Marsandi dogo ne, kuma a matse yake da ƙarfin da zai iya kashe mutum. Maƙatan nan biyu masu ƙugiya da ake kama sifirin Corolla daga waje ba su dace da shi ba, suna zamewa. Nasa na musamman ne: faifai biyu na ƙarfe da ake cusawa tsakanin zagaye, da sanda mai zare da ke bi ta tsakiya ta haɗe su. Garejin da ba shi da wannan, kuma ya ce zai sauke lowa am a hankali da jak sifirin ya fito da kansa, Alhaji ka ɗauki makullinka.

Na biyu, a wannan motar shokazoba ce ke hana ƙafa faɗuwa ƙasa idan taya na lilo. Kada a kwance notinta mota na sama ba tare da an tokare lowa am da jak ba. Jerin aikin a gaba: a ɗora mota kan turakun ƙarfe, ba bulo ba, a cire taya, a tokare hannun, a matse sifirin har ya saki, a fito da shi, a canza roba. Wajen mayarwa, ƙarshen zagayen ƙasa yana da gurbinsa a cikin lowa am, dole ya zauna a ciki daidai. In ya hau kan gurbin, wannan gefen zai fi ɗayan tsayi kuma zai riƙa ƙara. A baya shokazoba ta cikin sifirin ta bi, sai an fara zare ta.

Tunda an riga an buɗe wurin, a wanke gadon gaba da kananzir a haska kunnuwan da lowa am ke ɗaure a kai. An san waɗannan motocin masu injin V8 da tsagewa a daidai nan. In an ga layin tsatsa siriri kamar gashi, a bar maganar saukewa, a fara yin walda da ƙarin faranti.

Abu na ƙarshe da yara ke kuskure: kusoshin bushin ba a ɗaure su tamau mota na sama. A kama su sama-sama, a sauke mota kan tayoyinta, a tura ta, sannan a ɗaure. In aka ɗaure tana lilo, robar bushin za ta zauna a murɗe, ta riƙe motar sama da inda ya kamata, kuma cikin 'yan watanni ta yage. Kusoshin taya kuwa 110 Nm.

Mai alaimen:

Ranka ya daɗe, duk abin da aka sauke, alaimen ya tashi. A gaba da sauƙi: kusoshin lowa am masu karkataccen washa ne, ana juya su a gyara kwanciyar taya, tayarod kuma ya gyara kallon tayoyin. Daga gareji kai tsaye a zo a saita, kada a ce sai mako mai zuwa, domin kallon da ya kauce yana cinye taya cikin tafiya ɗaya zuwa Jos da dawowa. Bayan kamar kilomita 300, robobi sun zauna, a sake dubawa.

Baya ne matsalar. Ƙirar ƙafar bayan wannan mota, duk lokacin da ta yi ƙasa saman tayoyin na kwantawa ciki, kuma ba a yi mata kusar gyara wannan ba. Wanda ya sauke baya santimita 4 ko 5 zai ga gefen ciki na taya ya zama sanƙo alhali waje sabo fil. 

A duba bushin na hannun da ke tallafe sitiyari a gefen fasinja, da ƙaramar shokazobar sitiyari. In akwai wasa a nan, injin alaimen zai ba da lamba mai kyau, mota ta hau titi ta yi abin da ta ga dama. A kuma sake saita fitilun gaba, tunda hanci ya sunkuya.

Wani ɗan'uwa:

Ni ban yarda yanka haramun ne gaba ɗaya ba. Idan robar da ke ciki ta riga ta zama mai ƙurji ɗaya, ina za a rage? Yanka da faifan giranda, a hankali, ana tsayawa ƙarfe ya huce, ba ya kashe sifirin kamar wuta. Sharuɗɗansa dai: ƙarshen da aka bari a buɗe kawai ake yankewa, ba wanda aka daddale ya yi lebur don ya zauna kan roba ba. Kwata ɗin zagaye ake cirewa, a mayar, a zagaya unguwa, a auna. Zagaye ɗaya da rabi da aka gaya maka, da wannan ninkin da Malam ya lissafa, zai kwantar da motar kan robar tsayawa, wato robar da ke tare ƙafa idan ta lotsa har ƙarshe. A goge bakin yankan, a shafa fenti.

Bakaniken Marsandi:

Haka ne, yankan sanyi ya fi wuta nesa ba kusa ba. Sai dai a san abin da aka saya. Rage zagaye yana ƙara wa sifirin tauri daidai gwargwado: cire ɗaya cikin goma, tauri ya ƙaru da kusan kashi 11 cikin ɗari. Amma tazarar da ƙafa ke da ita kafin ta daki robar tsayawa ta ragu fiye da haka nesa. Ma'ana taurin da aka samu bai biya tazarar da aka rasa ba. Shi ya sa yankakkiyar mota ke yin gum a kowane rami. Sifirin da aka ƙera musamman don saukewa, irin na kamfanonin H&R ko Eibach, gajere ne kuma an ƙara masa tauri tun asali, amma sai an tabbatar na wannan ƙirar ne, kuma a haɗa shi da shokazoba mai gajeren zango. Sannan asalin sifirin gaban SL ba kamar na Marsandi 200 ba ne da za ka tsinta ko'ina. In an yanke an yi kuskure, sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, kuma ba lallai a samu biyu masu ƙarfi ɗaya ba.

Mai tayoyi:

Maganar ƙananan tayoyi, ga lissafin. 205/70 R14 tsayinta kusan milimita 643 ne. 205/60 R14 kusan 602. Motar za ta sauka milimita 20, amma filin da ke tsakanin taya da madigadi, wanda shi ne ke ɓata maka rai, zai ƙaru da 20 ɗin. Ka matso da cikin mota kusa da ƙasa, ka ƙara munin da kake gudu. Agogon gudu kuma zai riƙa ƙara kusan kashi 7 cikin ɗari. Idan kyan gani ake nema, wili mai inci 15 da taya 205/65, wadda 560SL ta zo da ita daga 1986, tsayinta kusan 648, ta fi cika ramin. A lura da tsawon kusoshi, na wilin alminiyam da na ƙarfe ba ɗaya ba ne.

Mai gyaran ƙafa daga Gombe:

Kafin ka yanke shawarar santimita nawa, yi wannan gwajin. Mutum biyu su shiga mota, wani ya kwanta ya auna daga daɓe zuwa wuri mafi ƙasa: kaskon baƙin mai, gadon gaba, da tukunyar salansa ta tsakiya. Sai ka je tudun rage gudu mafi tsayi a hanyar da kake bi kullum, da gangaren kwalbatin ƙofar gidanka, ka hau a hankali wani na tsugune yana kallo. Abin da ya rage tsakanin ƙarfe da siminti, cire santimita 3 saboda lotsawar mota idan ta sauko daga tudun. Ragowar ita ce iyakar abin da za ka iya saukewa. Salansa in ta gogu walda ce kawai. Kaskon mai in ya fashe a hanyar Dass cikin ruwan Agusta, kafin ka lura da fitilar mai injin ya gama.

In za a sa sababbin shokazoba masu iskar gas, a sa su kafin a zaɓi roba, don sukan ɗaga mota 'yan milimita.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. Na leƙa da tocila: gaba ƙuraje huɗu ne, baya biyu. Robar gadon baya ta hagu kuwa ta tsage har ina iya cusa sukundireba.

Bakaniken Marsandi:

To ka ga inda rabin santimitan hagu ya tafi. Fara da robobin gadon baya guda biyu da ta difarensha, a canza su tare. Yi mako guda kana hawa, ka sake awo huɗun. Idan baya ya taso, ka sayi robar gaba mai ƙuraje biyu kawai. Idan bai taso ba, ka sayi mai biyu da mai ɗaya, ba su da tsada, a fara gwada mai biyun. Ka turo mana sababbin lambobin tare da awon kaskon mai kafin a matse sifirin.