Neman shawara: yaro ya gama satifiket, an ce rabin yunit ɗinsa ba za su shiga jami'a ba

Umman Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana ku taimaka min, abin nan ya hana ni barci. Cacar biza ce ta kawo mu jihar Kaliforniya ta Amurka. Babansu tuƙi yake dare da rana, ni ina aikin kula da tsofaffi, ga ƙanne uku, ga haya an ƙara mana, ga mutanen gida kullum waya. Babban yaron wajena ya shiga kwalejin shekara biyu ta kusa da mu don ita ce daidai ƙarfinmu, dala 46 kowane yunit, wato ma'aunin da ake ƙirga nauyin kwas da shi. Ya gama satifiket na gyaran kwamfuta da haɗa netwok, har walima muka yi. Yanzu yana son ya wuce UC, wato Jami'ar Kaliforniya, ya karanta injiniya, sai aka ce masa cikin yunit 41 da ya tara kusan rabi ba za a ƙirga ba. Wani kuma ya ce ya sake yin wani satifiket wai shi Cal-GETC. Satifiket a kan satifiket? Ina mafita?

Baban Sadiƙ: Wa alaikumus salam Hajiya. Suna ne ya zo ɗaya, amma satifiket iri biyu ne. Wanda yaronki ya yi na sana'a ne, don neman aiki aka tsara shi, shi ya sa yawancin kwasa-kwasansa UC ba ta karɓa. Cal-GETC kuwa jerin darussan gama-gari ne, Turanci, lissafi, kimiyya, zamantakewa da sauransu, yunit 34, wanda UC da CSU, ɗaya rukunin jami'o'in gwamnatin jihar, duka suka amince da shi. Shi ya gaji tsohon jerin da ake kira IGETC daga zangon kaka na 2025. Kowane kwas sai an samu C ko sama.

Yau ɗin nan ya buɗe ASSIST, shafin intanet na duba kwasa-kwasan da jami'o'in jihar ke karɓa, ya zaɓi kwalejinsa, ya zaɓi jami'ar da yake so da fannin, zai ga kwas da kwas abin da ake karɓa. UC na neman yunit 60 masu shiga lissafinta, a ciki da Turanci biyu, lissafi ɗaya, da kwas huɗu daga aƙalla ɓangare biyu. Amma ba ki faɗi GPA ɗinsa ba, wato matsakaicin makinsa, ba ki faɗi wane injiniya ba, ba ki faɗi inda ya tsaya a lissafi ba.

Injiniya Bello: Malam, ka yi bayani, sai dai a wuri ɗaya ban bi ka ba. Ɗalibin injiniya bai kamata ya sa Cal-GETC a gaba ba. Abin da sashen ke dubawa shi ne kalkulas zango uku, fiziks mai kalkulas, kemistiri da rubuta manhaja. Kuma jere suke, ba a shiga na biyu sai an ci na ɗaya, don haka wanda ya makara a lissafi shekara guda ta tafi ko da ya cika yunit 60. Darussan gama-gari ana iya ƙarasa su a can.

Baban Sadiƙ: Ai shi ya sa na tambayi fannin. Yara nawa ne suke cewa injiniya, kalkulas na biyu ya mayar da su tattalin arziki? Ranar nan Cal-GETC ne zai rufa musu asiri. Hajiya, ki riƙe ranakun nan. TAG, wato alƙawarin gurbi, ana cike shi daga 1 zuwa 30 ga Satumba, jami'a ɗaya tak ake zaɓa cikin rassan UC shida: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara, Santa Cruz. Babu Berkeley, babu UCLA, babu San Diego. Sai yana da yunit 30 masu shiga kafin ya cike, kuma wasu fannoni masu cunkoso an cire su daga tsarin. Babban fom ɗin UC kuma ƙarshen Nuwamba yake rufewa. Mafi ƙarancin GPA ga mazaunin jihar 2.4 ne, amma da wannan ko ƙofar injiniya ba za a leƙa ba.

Umman Yara: Na gode. Amma fa ba ɓata lokaci ya yi ba, da satifiket ɗin nan ya samu ɗan aikin da yake taimaka mana da shi. Kuma mai ba da shawara na makarantar ne ya sa masa hannu. Lissafi yana ƙoƙari.

Anti Rabi: Matsalar ke nan 'yar uwa. Ofisoshin nan ɗalibai sun fi ƙarfinsu, minti kaɗan za a ba yaro, in bai furta da bakinsa cewa jami'a zai wuce ba, tsarin sana'a za a rubuta masa. Mu ma iyaye muna da namu, UC kawai muka sani saboda suna. Ya nemi ADT, digirin shekara biyu na wucewa. Yunit 60, GPA 2.0, an lamunce masa gurbi a tsarin CSU, ko da yake ba lallai jami'ar da ya zaɓa ba, sannan saura yunit 60 ya gama. A kula da Pell kuma, tallafin karatu na gwamnatin tarayya, iyakarsa kimanin shekara shida ne a rayuwa, kwasa-kwasan da ba su shiga ba ma sun ci rabonsu.

Injiniya Bello: Anti, a duba tukuna ko fanninsa na da ADT a kwalejin. Injiniya yunit ɗinsa ya yi yawa, galibi bai shiga wannan tsarin ba.

Umman Yara: Shi dai UC ya ce, babansa ma haka, ɗan maƙwabtanmu can yake. Af, na manta, ya yi shekara ɗaya a foli a gida kafin mu taso. Ina ga ba sai an ambata ba tunda bai gama ba.

Baban Sadiƙ: Hajiya, wannan ne ya kamata ki fara faɗa! Dole a rubuta kowace makarantar gaba da sakandare da ya taɓa shiga, ko ya ci ko ya faɗi. In suka gano daga baya, suna iya soke gurbin. A fara neman takardar sakamakon tun yanzu, kin san fitar da ita daga gida ba aikin mako ɗaya ba ne. Har yanzu kuma ba ki ba mu GPA ba.

Umman Yara: To, bari ya dawo daga aiki in tambaye shi. Amma ni dai ban ga abin da ya haɗa foli da wannan maganar ba.