Masu aiki daga gida da ƙananan yara a Ikko, ya kuke yi ne?

Maman Hanifa, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina son jin yadda kuke fama. Ni aikina amsa kiran kwastomomi ne, tun kullen korona na ƙarshen Maris 2020 aka maida mu gida, da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 kuɗin mota ya tashi sai aka ce mu ci gaba da zama kawai. Na huta da fitar asuba da gosulon gadar Third Mainland kam, amma yanzu ga goyo ga yaro ɗan shekara uku a ɗaki da falo. Abin da ya fi ci min rai shi ne tunda ana ganina a gida sai a ɗauka zaman banza nake, maƙwabciya ta ajiye min nata yaron ta wuce kasuwa, maigida ya bugo wai a dafa wa baƙi abinci, ni kuwa ga oga yana ƙirga kiran da na amsa.

Ummu Sadik, Idi-Araba:
Wa alaikumussalam. Wlh Maman Hanifa kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Babbar matsalarmu a nan rashin dangi ne, da a Katsina ne ai ga kaka ga goggo ga ƙannen miji, miƙa yaro kawai za ki yi ki rufe ƙofa, nan kuwa kowa ta kansa yake. Mamata ta zo wankan jego, ana arba'in ta koma. Kullum mitin ɗin Zoom na ƙarfe goma a tsaye nake yinsa, na goya yaron da zani na ɗaure da majanyi, kwamfuta a kan firji don daidai tsayina take, kyamara a kashe ina jijjiga, yatsana na kan maɓallin kashe sauti, in aka kira sunana in buɗe in yi magana da sauri in rufe tun bai tsala ihu ba. Kafin azahar bayana kamar zai tsage.

Baban Walid, Ketu:
Mu ma maza akwai namu. Ina yi wa dillalan albasa da tumatir na kasuwar Mile 12 lissafi, uwargida kuma ma'aikaciyar jinya ce, ranar da take aikin safe ni da yara biyu ne. Wuta ce damuwata. Tun Afrilu 2024 da aka kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit da alƙawarin awa 20 a rana, mu da ba Band A ba sai yadda hali ya yi, in an ɗauke fanka ta tsaya zafi ya tashi yara, in na tada janareta ƙara ta tashe su. Yanzu aikin da ke son natsuwa daga sallar asuba zuwa bakwai nake yi, sai bayan isha'i in ƙarasa.

Maman Iman, Oshodi:
Ni waya nake ba 'yata tana kallon katun in samu sarari, amma da muka je awo nas ta ce min Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin. Gaskiya ne fa, ta fara rigima duk lokacin da aka karɓe. Na koma ba ta roba da murafen kwalba a gefen ƙafata, tana ɗan daɗewa a kai.

Hajiya Binta, Obalende:
'Ya'yana ku saurara. Reno aiki ne mai zaman kansa, ba a haɗa shi da wani aikin a lokaci guda, ko a ofis kike ko a gida dole sai an samu mai riƙe yaron. Amma dan girman Allah kada a aika ƙauye a ɗauko 'yar shekara goma a ce ita ce mai reno, ita ma renon take buƙata da makaranta, kuma Legas na da dokar kare haƙƙin yara tun 2007. 'Yata da wasu mata biyu a layinsu karo-karo suka yi suna biyan wata dattijuwa, daga tara zuwa biyu yaran na wajenta. Ke kuma Maman Hanifa ki zaunar da maigidanki ki nuna masa jadawalin aikinki, maƙwabciyar ma ki gaya mata cikin mutunci.

Maman Hanifa, Agege:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Akwai wata Inna a bayan masallacinmu da jikokinta suka girma, zan same ta gobe in sha Allah. Abincin yaran fa, kowa ke kai nasa ko a cikin kuɗin yake?

Hajiya Binta, Obalende:
Kowa ya zuba nasa a kula ya kai, da ruwan sha da kayan canji. Mai shan nono kuma ita take kawo shi wa uwar in lokaci ya yi, shi ya sa ki tabbata gidan bai yi nisa da naki ba.