Zafin bazara a Kano: da wa za a zauna, kuma da wa za a fara?

Sakataren Kwamiti, Kurna:

Assalamu alaikum. Kwamitin ci gaban unguwarmu yana so ya shirya wa bazara tun kafin ta kankama. Kowa ya san yadda Kano take daga tsakiyar Maris zuwa saukar ruwan farko: da rana digiri 40 zuwa 42, da dare kuma ɗaki ya ƙi hucewa. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne masu lafiya suna cewa maganar ta ruwa da wuta ce, masu ruwa da wuta kuma suna cewa su ba likitoci ba ne. Kuɗinmu kaɗan ne. Da wa za mu zauna, me za mu nema a wurin kowa, kuma yaya za a yi taimakon ya isa ga mai ɗaki ɗaya a gidan haya, kada ya tsaya a kan masu baki a unguwa?

Jami'ar Lafiya:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kafin a zauna da kowa, ku fara da takarda da biro. Ku bi layi-layi tare da mai unguwa, unguwar zoma da matan da ke shiga gidaje lokacin rigakafi, ku rubuta gidajen da ke da tsoho mai kwana shi kaɗai, jariri, mai juna biyu, mai jego, mai sikila, mai ciwon ƙoda ko ciwon suga, da mai shan maganin hawan jini irin wanda ke sa yawan fitsari. A ƙara da tsangayun almajirai. Waɗannan su zafi ke kayarwa, kuma su ne ba sa zuwa taro. Idan babu wannan takarda, duk abin da aka samo masu ƙarfin fitowa ne za su kwashe. A bar ta a hannun mai kula da asibitin sha-ka-tafi, don cutar mutum sirrinsa ce.

Sai a koya wa mutum biyu a kowane layi, mace da namiji, bambanci tsakanin galabaita da halin da ke kisa. Mai galabaita yana gumi, kai na ciwo, ga jiri, wani lokaci jijiyoyin ƙafa su ɗaure, amma yana cikin hayyacinsa. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In babu na leda daga kemis, a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta (ledar fiya wata biyu ke nan), sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Kuskuren da aka fi yi shi ne zabga gishiri. Idan ya fi hawaye gishiri a baki, a zubar a sake.

Wanda kuwa jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko tangaɗi ko ya suma, zafin cikin jikinsa ya kai wajen digiri 40 ko ya haura. A nan minti yana da tsada. A fara sanyaya shi nan take kafin a samo A Daidaita Sahu: a cire riga, a kwarara masa ruwa, a yi ta fifita, a sa ƙanƙara cikin tsumma a wuya, hammata da matsematsi, a ci gaba da haka a hanya har asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, zai shaƙe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, domin ba zazzaɓi ba ne. Amma fa a kula, bazara lokacin sanƙarau ne. Zazzaɓi da sandarewar wuya, ko ɗan jariri da maɗigarsa ta kumbura, asibiti kai tsaye, kada a ce ai rana ce.

Abubuwa biyu da nake so malamai da iyaye mata su ji. Jaririn da bai kai wata shida ba ba a ba shi ruwa ko da ana tsananin zafi, nono ake ƙara masa, uwar ita ce za ta ƙara shan ruwa. Sannan wankan jego da tafasasshen ruwa da kunun kanwa a watan Afrilu nauyi ne babba a kan zuciyar mai jego. A surka ruwan, a rage kanwa.

Injiniya Mai Gini:

Hajiya ta gama da jiki, bari in taɓa ɗaki. Rana ba ta bambanta Nassarawa GRA da Rimin Kebe ba, ginin ne ya bambanta. Kwano mara silin yana zuba zafi kai tsaye a kan mai ɗaki, bulon siminti kuma yana shan zafi yini guda ya riƙa sako shi har tsakar dare. Shi ya sa tsohon soron ƙasa na cikin birni ya fi sabon ɗakin bulo daɗin kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar ɗakin kwana ya sauka ƙasa da digiri 24 da dare. Ɗakunan haya da yawa ba sa ko kusantar haka a Afrilu, jiki kuma in bai huta da dare ba gobe da rauni zai fita.

Mafi arha shi ne farin rufi. A wanke kwanon, a bari ya bushe, a shafa farar ƙasa ko farin fenti sau biyu, da sassafe, don in kwanon ya ɗau zafi shafen yana bushewa kafin ya kama, sai ya ɓare. Farar ƙasa damina ɗaya take wanke ta, a sa a kasafi cewa duk shekara ne. Bayan haka silin, ko da na tabarma ko buhu ne, da 'yar tazara tsakaninsa da kwano da ƙofar da iska mai zafi za ta fita ta sama. Inda maganar adalci ke shigowa: ɗan haya ba shi da ikon taɓa rufi, mai gida kuma ba shi yake kwana a ciki ba. Sai mai unguwa ya tara masu gidajen haya a yi yarjejeniya, kwamiti ya kawo kaya, matasa su yi aiki, mai gida ya yarda ba zai ƙara kuɗin haya saboda gyaran ba. A fara da gidajen da ke cikin takardar Hajiya.

Wuta kuma ku san yadda tsarin yake kafin ku je ofishin KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano. An kasa layukan wuta rukuni-rukuni: Band A aƙalla awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. Neman a mayar da unguwa Band A ba lallai ya zama alheri ga talaka ba, kuɗinsa ya yi tsalle tun Afrilun 2024. Abin da ya fi dacewa a nema a rubuce shi ne a karkato da awoyin da ake da su zuwa dare a makonnin tsanani, a kuma duba lodin taransifoma tun Fabrairu, domin a bazara suke ƙonewa. Fanka ma tana da iyaka: in iskar ɗaki ta haura digiri 40, zafi take hura wa mutum, sai an jiƙa jiki ko zani sannan take amfani. Janareto kada ya kwana a ɗaki ko a zaure a rufe, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an farka ba.

Ruwa: lissafa lita 15 zuwa 20 ga mutum a rana a matsayin mafi ƙaranci, wato jarka ɗaya ta lita 25 ba ta wuce mutum ɗaya da ɗan ƙari ba. Rijiyar burtsatse mai sola da tanki a sama ita ce ba ta jiran wuta. Ku sa 'yan ga-ruwa a zaman, a ba su ruwa da rangwame a rijiyar kwamiti bisa sharaɗin ba za su ɗaga farashin jarka ga gidajen da aka lissafa ba. Mai allurar insulin kuma ya ajiye ta cikin randa biyu, ɗaya a cikin ɗaya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa.

Darbejiya a dasa ta, amma da damina, da kariya daga awaki da sunan wanda zai ba ta ruwa a rani biyun farko. Inuwarta ba ta bana ba ce.

Malamin Tsare-tsare:

Injiniya da Hajiya sun kawo kayan aiki. Abin da ke rusa irin wannan haɗin gwiwa shi ne rashin ƙararrawa: kowa ya yarda a taro, amma ba wanda ya san ranar da zai motsa. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya kashe mutane da yawa, ya fito da tsari a 2013 wanda ginshiƙinsa ke nan: hasashen yanayi ya kai mataki kaza, kowane ofishi ya san aikinsa, kuma mutum ɗaya ne ke da alhakin kira. Freetown ta Saliyo ta naɗa jami'ar kula da zafi a 2021, cikin ayyukanta har da rufa wa 'yan kasuwa mata inuwa.

A matakin mazaɓa ku yi ƙaramin irinsa a shafi ɗaya. Mutum ɗaya ya riƙa duba hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa. Ku zauna da mai kula da asibitinku ku tsayar da adadi, misali kwana uku a jere da ake hasashen 41 ko sama. Da ya cika: limamai su yi sanarwa bayan Asuba, masu shiga gidaje su leƙa mutanen da ke cikin takardar safe da yamma, asibiti ya tabbatar da ruwan ƙari da na gishiri da sukari, makarantu su daina tara yara a rana, Islamiyya ta koma bayan La'asar sosai. Kwafin shafin ya je wa dagaci, kansila da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da sa hannu.

Kada ku manta da waɗanda ba sa yini a unguwa: 'yan dako a kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau, leburorin gini, masu tura kura. Ce musu su zauna a gida wasa ne, a ranar suke samun na tuwo. Da shugabannin ƙungiyoyinsu ake magana: lodi mai nauyi kafin ƙarfe 11 ko bayan 4, randa a kowace rumfa, kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, amma kada ya wuce lita ɗaya da rabi a awa. Ɗan cirani da ya zo jiya yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsa ya saba, shi ya fi faɗuwa.

Sakataren Kwamiti, Kurna:

Allah ya saka da alheri. Mun yi tunanin buɗe masallacin Juma'a da rana a matsayin wurin shan iska tunda yana da sola. Ya kuka gani?

Jami'ar Lafiya:

Ku buɗe, Malam, amma maza za su cika shi, alhali wadda ke gaban murhu a tsakar gida da goyo ita ta fi shan zafin. Ku nemi ajin Islamiyyar matan aure ko gidan wata dattijuwa mai fili, a sa fanka mai sola, randa da tabarmi, daga 12 zuwa 4, mace ce mai kula. Liman ya faɗa wa magidanta a huɗuba su ba da izini tun kafin ranar. Tsohuwar da ba ta iya takawa kuma a rubuta sunan wanda zai je ya jiƙa mata zani ya cika mata buta.