Bashin Albasa da Bangon da Ya Faɗi

Ɗan Ader: Salamar Ubangiji gare ku. Albasa nake saidawa a kasuwar Katako, nan Yamai. Maƙwabcina a unguwar Harobanda ya ɗauki buhu 3 bashi tun kafin damina, bai biya ba, har gaisuwa ya daina. Ruwan jiya ya kada mishi bango.

Ayar Yakubu na nan a bakina,
Tun ina yaro ta zauna kaina:
Mai jin Magana ya bar ta a kunne,
Kansa yake ruɗi, haka ta nuna.
Yau da asuba sai ga shi ƙofa,
Da ɗiyanshi, laka har gwiwa, gabana.
Wanda ya kwashi kayana ya ɓuya,
Shi ne ke roƙon zaurena.
Baki na son ya ce ku shigo,
Zuciya na ƙirga kuɗina.
Iyaye da yayye, wa zan bi,
Ayar, ko littafin bashina?

Mama ta Zumuntar Mata: Ɗana, zauna ka ji. Ina nan Yamai a Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram ran Juma'a, kashegari wutar ta iso mu.

Ran Asabar hayaƙi ya rufe mu,
Ya ci benci, ya ci littattafanmu.
Da muka koma tsaye cikin kango,
Matiyu biyar aka buɗe gabanmu:
A ƙaunaci maƙiyi, a yi masa addu'a.
Ɗana, ta tsaya cik a maƙoshinmu!
Mun sha rera ta muna kaɗa tulu,
Ba ta taɓa yi mana nauyi a bakinmu,
Sai ran da maƙiyin ya zama mai fuska,
Yaron da ke sayen ƙosai wajenmu.
Na faɗe ta ban ji daɗinta ba,
Haka muka yi ta faɗa, hawaye a idonmu.
Baki ya fara, ƙafa ta bi shi,
Can baya zuciya ta iske mu.
Kuma kar ka manta, maƙwabta Musulmi
Su suka ɓoye wasu a cikinmu.
In ka jira sai ranka ya so,
Yaran za su kwana a ruwa kan idonmu.

Dikon Ma'aji: Mama, a gafarce ni, ba musu nake da ke ba. Amma tun da aka rufe iyakoki a 2023 kowa ya san abin da masu albasa suka sha. A 2020 da madatsar ruwa ta unguwar Lamorde ta ɓalle, lakkwal aka kai mutane, akwai hukuma don irin wannan.

Littafin da ya ce a yafe wa mutum,
Shi ya ce mugu ne ke cinye bashi.
Zabura talatin da bakwai na nan,
Ban ga inda aka goge shi.
Romawa ta ce kar a riƙe na kowa,
Sai ƙauna, ita ba a gama biyan bashi.
In kowa ya ci ya zo da hawaye,
Ɗan Ader da me zai ciyar da gidanshi?
Yesu ya ce ka je ku yi ta ku biyu,
Ka faɗa wa ɗan'uwa laifinshi.
Shiru da murmushi, ciki na tafasa,
Wannan ba gafara ba ce, ɓoye fushi.

Ƴar Galmi: Baba Dikon, ina wuni. Ni ƙarama ce a nan, amma a bar ni in sa baki. Garinmu na da asibitin mishan tun 1950, na girma ina ganin ana shigo da wanda maciji ya sara cikin dare.

Basamariyen nan da ya tsaya a hanya,
Mai ya zuba, ya ɗaure rauni tukuna.
Ya ɗora shi jaki, ya kai masauki,
Sai da gari ya waye aka yi batun dinari, Babana.
Lissafi bai ɓace daga labarin ba,
Layi ya bi, bai sha gaban jinya ba, ka duba ka gani a Luka.
Yaya Ɗan Ader, kai ka fi ni sani,
Albasar da ta daɗe a rudu damina,
In ba a fid da ita ba ruɓewa take,
Haka ayar da aka ajiye ba a taɓa ta.

Dikon Ma'aji: Ɗiyata, amsa-amonki ya karye sau biyu, amma maganarki ta tsaya. Na yarda da layin. Sharaɗina guda:

A shigar da yaran yau, na amince,
Amma bango na tashi, a zauna da shi.
Ko jika-jika ne duk ƙarshen wata,
Mutunci ne a bar mutum ya biya bashi.

Mama ta Zumuntar Mata:

Dikon, ka faɗi gaskiya, ban ƙi ba,
Sai dai kar a je masa da taronmu.
Tabarma biyu da tukunyar tuwo
Da marece za su fito daga zumuntarmu.

Ɗan Ader: Na buɗe zauren. Ya shigo bai ɗaga ido ya dube ni ba, ni ma "sannu" kawai ta fito. Uwargida ta ba yaran kunu. Sai dai ga wata sabuwa:

Zauren nan shi ne ma'ajiyata,
Buhuna na tsakar gida, ga hadari samana.
Wa ke da ɗaki busasshe kusa da gada
Ya taimake ni kafin ruwa ya ci jarina?

Dikon Ma'aji: Kawo su shagona, akwai wuri. Ka samo mai amalanke, kuɗinsa na wuyana.

Sai dai ka sani, duk buhun da ya shigo,
Sai na ƙirga, na rubuta shi.