Tuban Kan Gadon Asibiti

Daga zauren WhatsApp na wani ƙauye kusa da Ringim, bayan sallar isha'i.

Sani Mai Caji: Jama'a, 'yan fim ɗin nan sun ishe ni. Mutum ya cinye gonar marayu tun zango na 1, sai a zangon ƙarshe a ɗaura masa ƙarin ruwa, a ce ciwon ajali ne, ya riƙe carbi yana hawaye, kowa ya yafe. Gonar fa? Ko sau ɗaya ban ga an mayar ba.

Malam Habu: Sani, gyara harshenka. Waye ya san ajali? Ka duba ƙarshen Suratu Luƙman, babu ran da ya san ƙasar da zai mutu.

Sani Mai Caji: Allah gafarta Malam, zancen gona nake.

Anti Ladi: Malam, mu da muke aikin asibiti mun sani. In daji ya bazu a jiki, sai dai a rage wa mutum raɗaɗi, a ce a koma gida. Shi mutane ke ce wa na ajali.

Malam Habu: Haka aka sallamo kawuna, ya ƙara shekara 9 har da sabon aure. Cuta ba mutuwa ba ce.

Ɗanliti: Kawun naka ai basir ne, duk gari an sani.

Malam Habu: Yaro, kai ka kai shi asibitin?

Ɗanliti: Babana ya kai shi, a mashin ɗinmu, kuma har yau ba a biya kuɗin mai ba.

Yaya Umma: Ɗanliti, Malam ba sa'anka ba ne. Ku da kuka riƙe kuɗin takin ƙungiya tun bara?

Isa Tela: Ni dai abin da na ji a wa'azi, ana karɓar tuba matuƙar ba a kai gargara ba. Fir'auna ma sai da ruwa ya ci shi ya yi imani, bai amfane shi ba. Amma haƙƙin mutane sai an mayar.

Sani Mai Caji: Yawwa! Abin da nake faɗa ke nan.

Yaya Umma: A fito da takardar takin tukuna.

Admin Nura: To, mun rufe. Abin da aka cimma: Malam ya kafa hujja da aya, ajali na Allah ne, kada a sake cewa ciwon ajali a zauren nan. Ɗanliti zai ba Malam haƙuri. Sani kuma ya rage kallon fim. Maganar taki sai Juma'a.