Wace kalma za mu ba "security vote" da Hausa?

Jama'a, sallama. Kwana uku ke nan kalma ɗaya ta hana ni sakat, kuma ina so mu tsayar da ita tare.

Abin ya faro ne daga Inna. Muna zaune da daddare rediyo na kan tabarma, mai labarai ya ce gwamnoni na karɓar "kuɗin tsaro" duk wata. Sai ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe ana tunawa da yaran nan da ke daji." Ɗan ƙanwarta soja ne, shi ta tuna. Jikina ya yi sanyi, don na san ba kuɗin da ake nufi ke nan ba. Fassarar ce ta ruɗe ta.

Abu biyu ne muke kira da suna ɗaya. Na farko kasafin tsaro: wanda shugaban ƙasa ke kai wa majalisa, a yi muhawara, a rubuta nawa ne na sojan ƙasa, na ruwa, na sama, na 'yan sanda, nawa ne albashi, nawa ne sayen makamai. A kasafin 2025 da Shugaba Tinubu ya gabatar a Disambar 2024, naira tiriliyan 4.91 aka ware wa tsaro. Wannan yana da suna, ba ya buƙatar mu.

Na biyun, wanda ake ce wa "security vote" da Turanci, shi ne marar suna a Hausa. Kuɗi ne da ake danƙa wa gwamna, da shugabannin ƙananan hukumomi, da wasu manyan jami'an tarayya, su kashe yadda suka ga dama da sunan tsaro, galibi tsaba, ba rasit, ba mai bin diddigi. A 2018 ƙungiyoyin yaƙi da cin hanci na Transparency International da CISLAC sun ƙiyasta cewa ya kai dala miliyan 670 a shekara, kusan naira biliyan 241, wato ya ɗara kasafin rundunar sojan ƙasa ta Najeriya na lokacin. Kuɗi mai wannan nauyi a ce Bahaushe ba shi da sunan kiransa?

Na taɓa ganin an rubuta "ƙuri'ar tsaro", wai don "vote" na nufin ƙuri'a. Wannan kam kuskure ne tsantsa. Na je wurin wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon akanta a aikin gwamnati, na ce, "Baba, ina ruwan ƙuri'a da wannan kuɗi?" Ya gyara tabarau, ya ɗauko wani tsohon littafi mai bangon kwali ya buɗe mini. Ya ce, "Ɗana, tun zamanin Turawa kowane gida na kuɗi a kasafi bot muke ce masa, saboda majalisa ce ke kaɗa ƙuri'ar amincewa da shi. Akwai bot na mai, akwai na tafiye-tafiye. Kowanne da shafinsa, abin da ya shiga da abin da ya fita." Ya ɗora yatsa kan layukan jan biro. "Na tsaro ne kaɗai ba mu taɓa ganin cikinsa ba."

To, ashe kalmar da ke ƙasa ita ce kaso. Saura me za mu jingina mata.

Wata 'yar'uwa ta kawo "kason sirri". Na daɗe ina juya shi, don yana da daɗin faɗa. Amma ban gamsu ba. Sirri a harkar tsaro ba laifi ba ne. Wanda ya tsegunta inda 'yan bindiga suka kwana, dole a biya shi a ɓoye, in ba haka ba a wayi gari babu shi. Sai dai ana iya ɓoye abu ga jama'a amma a bayyana shi ga babban mai binciken kuɗi ko wani kwamitin majalisa a bayan ƙofa. Abin da ya bambanta wannan kuɗi ba ɓoyewa ba ne, rashin wanda za a yi wa bayani ne.

Wani kuma ya ce "kuɗin aljihun gwamna". Na fahimci zafin da ya haifi wannan, ni ma ina da shi: ranar da aka kore shanu a ƙauyenmu, sai da muka yi karo-karo muka zuba wa motar jami'an tsaro mai kafin ta tashi. Amma suna ne da ya yanke hukunci tun ba a zauna shari'a ba. Akwai gwamnonin da ke sayen motocin sintiri da biyan 'yan sa-kai daga ciki. Ɗan jarida ba zai iya karanta shi a labarai ba.

Abin da nake kawowa gabanku shi ne: kason tsaro na ba-bahasi. A taƙaice, kason ba-bahasi.

Bahasi kalma ce da kowa ya sani daga gaban alƙali da ofishin 'yan sanda: a tsayar da kai ka faɗi yadda aka yi. Ƙirar kuma tamu ce, irin ta ba-haya da ba-zata. Bai ce an sata ba, bai ce ba a sata ba. Ya faɗi yadda kuɗin yake kawai.

Na gwada shi a kan Inna yau da safe. Na ce, "Inna, an ce gwamnoni na karɓar kason tsaro na ba-bahasi duk wata." Ta ajiye ludayin koko ta dube ni. "Ba bahasi? Wa ya yarda da haka?"

Malamanmu na Hausa da 'yan gidajen rediyo, don Allah ku ɗora shi a baki ku ji. In akwai inda ya yi tuntuɓe, ku nuna mini.