Neman taimako: ƙwayoyin KATO III sun ƙi karɓar p53

Salamu alaikum, masana. Ina gwajin mayar da ƙwayar halittar p53, mai hana kansa girma, cikin ƙwayoyin kansar ciki na KATO III, tunda su ba su da ita kwata-kwata. A kowane rami na faranti mai ramuka 6 ina zuba DNA maikirogiram 2.5 da Lipofectamine 3000, sinadarin da ke shigar da DNA cikin ƙwayoyi. Bayan awa 48, ƙwayoyin da suka haska da GFP (furotin mai koren haske da ke nuna DNA ya shiga) ba su kai 10 cikin 100 ba. Abin da ya ɗaure min kai, har ƙwayoyin ramin da na sa wa plasmid fanko (zoben DNA da ba ya ɗauke da p53) mutuwa suke yi, ke nan ba aikin p53 ba ne. Rabinsu kuma yawo suke a ruwa, ba sa manne. Gubar sinadarin ce, ko plasmid ɗin ne bai tsarkaka ba? In na koma shigar da p53 ta hanyar bairas ɗin adenobairas, daga MOI (adadin bairas ga kowace ƙwaya) nawa zan fara?